Shekara biyu ina gudun Juma'a

A Jos aka haife ni a 1986, mahaifina ma a nan aka yanke masa cibiya. Kakana ne baƙo, shi ma ba da son ransa ya zo ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, Turawa sun riƙa kwasar maza daga ƙauyuka ana kai su haƙar kuza a tsaunukan Filato, abin da tsofaffi ke kira diban gwamna. A cikin wannan diban aka ɗauko shi daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau yana saurayi. Sanyi da yunwa suka kashe da dama daga cikin abokan tafiyarsa, shi kuwa ya rayu, ya yi aure, ya kama sayar da gwanjo, bai sake komawa gida ba. Kabarinsa yana Jos.

Na fara da wannan ne saboda duk abin da ya same ni daga baya yana da jijiya a cikin tambaya guda da ake yi wa mutum a ƙasar nan, wato kai ɗan ina ne.

Unguwar da na tashi a cakuɗe take. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan wata mata Kirista 'yar Birom, wadda duk yaran layin ke kira Mama. Ranar Sallah ni ake ba kwanon nama in kai mata, ranar Kirsimeti kuma sai ta sa a kira Baba ya yanka mata kaji, don mu ma mu ci shinkafarta hankali kwance. Da Hausa suke waƙa a cocinsu, Allah suke kira kamar yadda muke kira, kuma a hannunta na fara cin gwaten acca. Idan Inna ta tafi unguwa, a ɗakin Mama ake barin mabuɗinmu.

Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 ina da shekara goma sha biyar. Zazzaɓi ya kwantar da ni, sai Yayana ya tafi masallaci shi kaɗai. Ina iya tuna shi a bakin ƙofa yana gyara hula, yana tambayata ko in zai dawo ya sayo mini rake. Garin dama ya kwana biyu yana tafasa kan naɗin wani Bahaushe a muƙamin jami'in shirin yaƙi da talauci na ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ana ta jifan juna da maganganun su wa ke da gari, su wa ne baƙi. Daga baya muka ji cewa wutar ta tashi ne a unguwar Kongo Rasha, kan wata mata da ta nemi wucewa ta titin da aka tare don salla. Mu dai abin da muka fara gani hayaƙi ne, sai ihu, sai mutane na gudu ba takalmi.

Mama ce ta shigo ta baya ta ja mu. Kwana biyu muka yi a ƙuryar ɗakinta, ni da Inna da ƙannena mata biyu, a bayan buhunan masara. Har yau in na shaƙi warin masarar da ta sha ajiya sai cikina ya juya. Da dare na biyu samari suka buga ƙofa, na ji muryarta tana ce musu ba kowa a gidan sai ita da jikokinta, wanda ke son shiga ya fara bi ta kanta. Ƙanwata ƙarama ta soma tari, Inna ta toshe mata baki da gefen zane har yarinyar ta kusa shiɗewa. Da gari ya waye sojoji suka kwashe mu zuwa wata makarantar firamare, can muka haɗu da Baba.

Yaya bai dawo ba. Baba ya zagaya asibitoci, ya duba fuskokin gawarwaki har ya daina ƙirgawa, ba mu same shi ba. An binne mutane da yawa a kabarin bai-ɗaya, wataƙila yana ciki. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce mutanen da aka kashe a wannan makon sun kai kimanin dubu, Musulmi da Kirista. Kwana huɗu da fara rikicin aka kai harin 11 ga Satumba a Amurka, hankalin duniya ya koma can, mu kuma aka bar mu da tokarmu.

Masu zuwa gaisuwa kalma ɗaya suke maimaitawa: ya yi shahada, a hanyar masallaci ya faɗi, kada ku yi masa kuka. Na san alheri suke nufi. Amma ni yaro ne, sai na fahimci cewa hawaye rashin yarda da ƙaddara ne, na haɗiye nawa. Inna kuwa ba ta taɓa yarda ya mutu ba, tunda ba ta ga gawa ba. Shekaru da yawa in ta raba tuwon dare sai ta ajiye malmala ɗaya a kwanonsa ta rufe. Ba wanda ya iya ce mata komai.

Bayan haka gari ya rabu. Musulmi suka tattara zuwa Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos da titin Bauchi, Kirista suka koma nasu ɓangaren, aka riƙa musayar gidaje da arha. Mu ma muka tashi, ba mu ko yi sallama da Mama yadda ya kamata ba. A 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone. Mutum ya koyi abubuwan da ba a koyarwa a makaranta: inda za ka cire hula ka sa a aljihu, inda za ka mayar da ita, wane suna za ka faɗa in an tare mota. Kowane gida akwai jakar gudu a bayan ƙofa, da takardun makaranta da 'yan kuɗi da zane biyu. Ni da takalmi nake kwana. Ban ɗauki wannan a matsayin ciwo ba, don duk abokaina haka suke.

Da na gama sakandare na nemi shiga babbar makaranta, aka ce sai na kawo takardar shaidar asali, wadda kowa ke kira takardar indijin. Na je ofishin da ake bayarwa a garin da aka haife ni, aka haifi ubana, aka binne kakana. Ma'aikacin ya dubi sunana, ya turo mini takardun ta kan tebur, ya ce in je garinmu. Na ce ranka ya daɗe nan ne garinmu. Bai ɗago kai ba.

Sai Baba ya haɗa ni da kuɗin mota zuwa ƙauyen kakana. Na isa da la'asar, aka kai ni gaban dagaci. Da na buɗe baki na yi gaisuwa, yaran da ke zaune a gefe suka fara dariya, wai Hausata ta 'yan Jos ce, ina ce wa mace "ya zo". Dagacin mutumin kirki ne, ya sa aka kawo mini fura, amma ya ce shi bai san gidanmu ba, ku ai mutanen Jos ne. Sai da aka nemo wani tsoho makaho wanda ya tuna cewa lallai an taɓa ɗiban wani mai wannan suna zamanin Turawa, sannan aka sa mini hannu. Takardar tana nan a akwatina. Ta ce ni ɗan asalin wani gari ne da na kwana a cikinsa sau ɗaya tak a rayuwata.

A motar dawowa ne na fara jin wani abu da na kasa ba shi suna. Kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashin ƙafata. Kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin da ya fito, amma shi ɗin dai ya kawo maganar ɗan asalin jiha wajen rabon muƙamai, bai kuma fayyace yadda mutum ke zama ɗan asali ba. A wannan ramin aka jefa mu. Ban ce 'yan Birom da Anaguta da Afizere, ƙabilun da ake ɗauka 'yan asalin Jos, ba su da tasu damuwar ba. Sun ga an farfashe gonakinsu an bar musu tafkunan kuza, suna kuma tsoron a wayi gari ba su da ta cewa a ƙasar kakanninsu. Tsoro ne a kowane ɓangare, kuma masu neman kujera sun san yadda ake hura shi.

Ranar 28 ga Nuwamba 2008, washegarin zaɓen ƙananan hukumomi, gari ya sake kamawa. Juma'a ce ita ma. Ɗaruruwan mutane suka mutu cikin kwana biyu, rumfar Baba ta ƙone ƙurmus. A farkon 2009 muka kwashe ya-namu-ya-namu muka koma Kano. Karatun ya tsaya, na koyi ɗinki, na samu ɗan shago a cikin birni, na yi aure. Na ɗauka na bar komai a baya.

Ranar 20 ga Janairu 2012 aka kai hare-haren bam a Kano, mutane sama da 180 suka mutu. Juma'a. Daga nan barcina ya lalace. Sai 28 ga Nuwamba 2014. A babban masallacin da ke kusa da gidan Sarki nake Juma'a, saboda shagona ba nisa. Ran nan wani mai ɗaurin aure ya tsare ni sai na ƙarasa masa aikin wuyan riga, na fito a makare da darduma a kafaɗa. Ina cikin lungu na ji ƙarar farko, ƙasa ta girgiza, sai harbi. Sama da mutum ɗari suka rasu a wurin da ya kamata a ce ina tsaye. Ban san yadda na isa gida ba. Matata ta ce na shigo ba takalmi, na wuce ƙuryar ɗaki na tsuguna bayan buhun shinkafa, ina cewa a rufe wa yarinya baki.

Juma'ar da ta biyo na yi wanka, na sa fararen kaya, na nufi masallacin unguwa. Ina shiga sahu, kafaɗa ta haɗu da kafaɗa, sai ƙirjina ya ɗaure. Zuciya na dukan uku-uku, gumi ya jiƙa riga, hannuwa suka mutu, na ji lallai yanzu zan faɗi in mutu. Na tsallake mutane na fita liman na cikin huɗuba. Na sake gwadawa sau biyu, abin ya fi na da. Daga nan na daina. Tun daren Alhamis gabana ke fara faɗuwa. Ranar Juma'a in an fara kiran salla sai in kulle shago ta ciki, in kashe fitila, in yi azahar a tsakanin kekunan ɗinki ina kuka ba sauti.

Wannan ne wurin da ya fi yi mini ciwo, kuma shi ya sa nake rubutun nan. Addinin da nake gudu in fake a cikinsa, ƙofarsa ce jikina ya ƙi shiga. Ina son Allah, ina son salla, amma ranar da ta fi kowace rana daraja ta zama ranar da aka ɗauke mini Yaya, aka ƙona rumfar Baba, aka kusa kashe ni. Jikina ya haddace wannan ko da zuciyata ba ta yarda ba.

Mutane suka lura. Maƙwabcin shagona ya karanto mini hadisin wanda ya bar Juma'a uku a jere Allah zai rufe zuciyarsa. Wani ya ce dama 'yan Jos addininsu sama-sama ne, sun saba da zama cikin arna. Wannan maganar ta shige ni kamar allura. A Jos an kore ni don ni Musulmi ne Bahaushe, a Kano ana shakkar Musuluncina don ni ɗan Jos ne. Kawuna ya yanke hukunci cewa aljani ne, tunda ba abin da ke gudun huɗuba sai shaiɗani. Aka kai ni wajen masu ruƙiyya. Ban raina ruƙiyya ba, karatun Alƙur'ani waraka ne, har yau ina yi wa kaina tofi. Amma inda aka kai ni, ƙarti biyu suka danne ni, ana yi mini ihu a kunne ta lasifika, ana tambayar aljanin sunansa. Mutumin da ƙara da matsi ke firgitarwa, aka haɗa masa ƙara da matsi. Da na fara karkarwa suka ce ga shi nan ya bayyana. Na sayi man habbatus sauda da turaren hayaƙi na kuɗi masu yawa. Na dawo gida da yaƙinin cewa ni abin ƙi ne a wurin Allah, har na fara tunanin da ma ni na tafi masallaci ran nan, Yaya ya zauna da zazzaɓin.

Wanda Allah ya sa ya zama sanadin fitata wani tsohon malami ne da ke karantar da littattafan fiƙihu a zaure bayan magariba. Ya kawo ɗinkin jallabiya, ya zauna a benci, ya ce, "Ɗana, na daina ganinka a sahu, kuma fuskarka ba ta mai raina salla ba ce. Me ya faru?" Ban taɓa ba kowa labarin daga farko ba sai ran nan. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce hadisin da ake karanta mini akwai kalma a cikinsa da aka tsallake, wato wanda ya bari don sakaci da wulaƙantawa. Ya ce mara lafiya yana cikin waɗanda aka ɗauke wa wajibcin Juma'a, ni kuma mara lafiya ne. Ya buɗe Suratu Yusuf ya nuna mini inda idanun Annabi Yaƙub suka yi fari saboda baƙin cikin ɗan da bai ga gawarsa ba. Ya ce, "Wannan Annabi ne, shekaru yana kuka, Allah bai ce imaninsa ya ragu ba." Ya tuna mini Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. A shagon nan, gaban tsohon nan, na yi wa Yaya kukan da na riƙe shekara goma sha biyar.

Da na natsu ya ce in je asibiti. Na ce, "Allah gafarta Malam, sai a ce na haukace." A Kano in yara na tsokanar juna cewa suke a kai shi Dawanau, inda asibitin masu taɓin hankali yake, kowa ya san abin da ake nufi. Ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma ba a ce maganin sai a zaure kaɗai yake ba. Ya haɗa ni da ɗansa ya raka ni.

Likitar da ta gan ni ba ta yi mamakin komai ba. Ta ce ciwo ne sananne da ke kama wanda ya tsallake tashin hankali: ƙwaƙwalwa ta saba da ƙararrawar haɗari har ta kasa kashe ta, sai ƙara ko wari ko cunkoso su tayar da ita kamar yau abin ke faruwa. Hausawa ma sun san shi, su ne suka ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ta rubuta mini ƙwaya guda da zan sha kullum, ta gargaɗe ni cewa sai ta yi makonni kafin in ji aikinta, kuma kada in yanke ta da kaina. Aka haɗa ni da wani ma'aikaci da muke zama muna magana, ya koya mini yadda zan ja numfashi in ƙirjina ya ɗaure. Komawa masallaci kuwa da kaɗan-kaɗan aka yi. Makon farko na tsaya a bakin titi daga nesa har aka sallame. Bayan nan na shimfiɗa darduma a sahun ƙarshe, can inda masu sayar da asuwaki suke, ɗan Malam na gefena. Wata biyar kafin na shiga cikin ginin. Ranar da na yi raka'a biyun nan har sallama ban fita ba, a ƙarshen 2016 ne, na daɗe a zaune ban iya tashi ba.

A layin asibitin na ga yawanmu. Matan da suka gudo daga Borno, wani tsohon soja, ɗalibai, wata Kirista daga kudancin Kaduna da ta ce an kai ta addu'ar korar aljanu sau uku kafin ta zo. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai ɗari uku ba, ga mutane sama da miliyan ɗari biyu. Sai a Janairun 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da Turawa suka bari. Saboda haka mafi yawan masu irin ciwona liman ko fasto za su fara gani, wasu ma shi kaɗai za su gani har su mutu. Abin da ya fito daga bakin malamin nan a minti biyar na farko yana iya tura mutum asibiti, yana kuma iya tura shi cikin rami. Ni na ga duka biyun. Ina roƙon malamanmu, don girman Allah, in mutum ya zo muku da tsoro ku tambaye shi abin da ya gani kafin ku tambaye shi ƙarfin imaninsa.

Inna ba ta taɓa yarda ta ga likita ba. Ta rasu a 2018, jakar gudunta na rataye a bayan ƙofa, a Kano, inda ba wanda ya taɓa korar ta. Da muka buɗe muka tarar da zane biyu, da katin haihuwar Yaya.

Bayan arba'in ɗinta na shiga mota na tafi Jos, karo na farko cikin shekara tara, don in kai wa Mama labarin rasuwar da bakina. Sai da na yi tambaya sosai kafin na gano inda ta koma. A bakin unguwar na kai hannu zan cire hula, sai na bar ta. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma da na yi sallama ta kira ni da sunan da take kirana ina yaro. Muka yi kuka tare. Ta ba ni labarin jikanta da bam ɗin jajibirin Kirsimeti na 2010 ya kashe a Kabong, da yadda tun harin da aka kai hedikwatar cocin COCIN wata Lahadi a Fabrairun 2012 ba ta iya zama a tsakiyar coci, sai kujerar bakin ƙofa. Wasu a cocinsu sun ce bangaskiyarta ce ta yi sanyi. Ta ce ba ta barci sai asuba ta kusa, kuma kiran sallar da take jiyowa daga nesa wani lokaci tsoro yake ba ta, wani lokaci kuma yana tuna mata Inna tana buga mata katanga ta tashi ta ɗora ruwa. Na gaya mata abin da likita ta gaya mini. Na roƙi ɗanta ya kai ta, ya kuma kai ta.

Har yanzu ina shan magani, an dai rage shi. A sahu gefen ƙofa nake tsayawa, ɗana na riƙe da hannuna, kuma in taya ta fashe a titi sai na yi minti goma kafin in dawo daidai. Tun daga wannan ziyarar, duk Juma'a da misalin ƙarfe uku Mama na sa jikarta ta kira ni, tambaya ɗaya take yi: "Yarona, kun sauko lafiya?" Ni ma ranar Lahadi da rana nakan kira in ji ko sun taso. Juma'ar da ta wuce na manta wayar a shago, na tsaya gaisawa da mutane a ƙofar masallaci har la'asar ta kusa. Da na dawo na tarar ta kira sau shida.